Barista Isiyaku, Direban Unguwar Nasim

Shekara biyar ke nan da rasuwar Barista Isiyaku, amma har yau idan aka sauko daga masallacin Juma'a sai in ji ƙafata tana son nufar unguwar Nasim, can gabashin Riyad, inda ɗakinsa yake. Ɗakin yana nan. Wani bawan Allah ɗan Bangaladash ne a ciki yanzu. Mun taɓa gaisawa, ya yi mini tayin shayi, bai san wanda nake nema ba.

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, kuma ba laifinsu ba ne. Lauya ne cikakke, an rantsar da shi, ya yi shekaru yana tsayawa gaban alƙalai a garinmu. Ciwon ƙoda ya kama matarsa, ƙaramin ofishinsa ya kasa ɗaukar nauyin asibiti, sai ya karɓi bizar da ta samu ya taho Saudiyya da niyyar yin shekara biyu. Matar ta rasu yana nan. Ya je gida ya karɓi gaisuwa ya dawo, ya ce ba zai iya kwana a gidan da ba ta ciki ba. A jikin iƙamarsa, katin zaman ƙasa da ake rubuta wa kowane baƙo sana'arsa, abin da aka rubuta shi ne direban gida.

Ni ƙanin abokinsa ne tun a gida, kayan gyaran mota nake sayarwa a shagon wani Balarabe kusa da kasuwar Bat'ha. Da na sauka garin nan ban san kowa ba sai shi. Duk wanda ya san Riyad ya san ɗakin direba: a jikin katangar gida yake, ƙofarsa tana kallon titi, gado ɗaya da iyakwandishan mai ƙara kamar injin niƙa. Daga cikin gida za a miƙo masa abinci, ya ci shi kaɗai. Aikinsa yawanci jira ne, a ƙofar makaranta, a ƙofar kanti, a ƙofar gidan biki. Yammacin Juma'a kawai yake da hutu, ni ma haka, sai muka haɗa kaɗaicinmu wuri ɗaya.

A yammacin nan ne yake janyo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Baƙar rigarsa ta kotu ce a ciki da farar hular gashin nan ta lauyoyi. Ya shanya rigar a igiya ta sha iska, ya zauna yana taje hular da tsohon burushin haƙori, wai ƙurar Riyad ba ta barin komai. Kuma duk shekara kafin watan Maris ya fita sai ya kira Barista Mudi, abokin karatunsa da ke gida, ya tabbatar an sabunta masa rajista, sunansa yana nan cikin lauyoyin da ke da izinin aiki. Mutumin da rabonsa da kotu tun kafin a haifi yaran da yake kaiwa makaranta.

Ban fasa tsokanarsa a kan wannan ba. Na ce, "Yaya Barista, wai dokin nan da kake ciyarwa shekara da shekaru, yaushe za a ɗaura masa sirdi?"

Ya ce, "Ɗan'azumi, kai dai tsaya a kan fulogi da birki. A garin nan kowa da abin da ke jikin iƙama ya san ni. Bari a samu wuri ɗaya a duniya da aka rubuta gaskiya."

'Yan uwanmu kan zo masa da takardun kwantaraginsu idan sun saɓa da kafili, wato mai gidan da ya ɗauko su. Yakan karanta a tsanake ya nuna musu inda aka cuce su da inda suka cuci kansu, amma kullum sai ya fara da cewa shi ba shi da izinin aikin lauya a ƙasar nan, shawara ce kawai ta ɗan uwa. Wasu har haushin wannan gabatarwa suke ji. Ni dariya take ba ni, don na san daɗin faɗinta yake ji.

Akwai shekarar da ya karaya ya saki rajistar. Babban ɗan mai gidansa, wanda shi ya riƙa kai shi firamare, ya gama karatun shari'a ya dawo. Barista ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya yi masa murna, sannan ya ce masa shi ma lauya ne a ƙasarsu. Yaron ba mugu ba ne. Dariya ya yi, ya dafa kafaɗarsa ya ce wallahi Ishaƙ akwai ban dariya. Ya ɗauka wasa ne. A Juma'ar da ta biyo baya ina zaune Barista ya kira Mudi ya ce bana kada a sabunta, ya gaji da yaudarar kansa. Ina jin muryar Mudi ta waya yana faɗa, shi kuwa ya ce ya riga ya gama magana.

Shekara biyu akwatin bai fito ba. Bai yi ciwo ba, bai daina salla ba, amma wani abu ya kwanta a jikinsa. Masu kawo takardu ya ce su nemi wani. Idan na ce Yaya Barista sai ya ce, "Kira ni Isiyaku kawai." Ni da na fi kowa tsokanarsa ni na fi kowa tsorata, don sai a lokacin na gane abin da nake wa dariya shi ke riƙe da mutumin. Mukan zauna har magariba muna sauraron ƙarar iyakwandishan.

Mutuwar Mudi ce ta dawo da shi. Lauyoyi a gida suna da wata al'ada: idan ɗayansu ya rasu, bayan an yi masa sutura an share makoki, kotu takan yi zama na musamman saboda shi. Kowa ya sa rigarsa da hularsa, a zauna bisa shekarar da aka rantsar da mutum, manya a gaba, a kira sunan mamacin, a faɗi abin da aka sani game da shi. Wani ya turo mini hoton bidiyon zaman da aka yi wa Mudi, na kai masa. Ya kalla ya sake kalla. Sannan ya sa yatsa a kan layin gaba ya ce, "Da a nan zan zauna." Ya ce wanda ya bar rajista ba a yi masa wannan zaman. Bai yi kuka ba, ni ne na fita waje.

Hutunsa na shekarar gaba ɗaya a gida ya ƙare, wajen maido da rajistarsa. Babu Mudi, dole ya je da ƙafarsa, ya bi layi a bayan yaran da aka haifa bayan an rantsar da shi, ya yi bayanin inda ya shiga, ya cika duk abin da aka ce ya cika. Ya dawo Riyad ya rame, amma yana tafiya kamar ango. A Juma'ar farko na hango rigar a kan igiya tun daga bakin layi. Bai cika shekara ba bayan wannan. A cikin mota aka same shi a ƙofar makaranta, yana jiran jikokin mai gida, zuciyarsa ta tsaya.

Bayan la'asar aka yi masa salla tare da wasu gawawwaki. Liman ya ce a yi salla ga mamata, bai ambaci sunan kowa ba, haka ake yi a nan. Mu 'yan tsiraru muka raka shi maƙabartar Nasim. A ƙasar nan ba a rubuta suna a kabari, duwatsu biyu ne kawai, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Na yi ƙoƙarin riƙe wurin da ido, amma kafin shekara ta zagayo layuka sun ƙaru ta ko'ina. Yanzu idan na je nakan tsaya a inda nake zato, in yi wa kowa sallama, in yi addu'a, na san tana isa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Riyad ta yau. Mata sun fara tuƙi, gidaje suna sallamar direbobi, mutanenmu da yawa sun tattara sun koma saboda harajin zama. Da yanzu wataƙila an ce masa ya huta. Wani lokaci in ce da ya koma gida ya buɗe ofis, ya tsaya gaban alƙali ko sau ɗaya. Wani lokaci kuma in ce a'a, da wani gidan zai nema, don ba komawa yake so ba, so yake ya san yana iya komawa. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Yawancin waɗanda suka san shi sun tafi.

Bayan rasuwarsa na sanar da ƙungiyarsu ta lauyoyi a gida, na sa hutuna ya dace da ranar zaman. Mamata huɗu aka haɗa. Na zauna a can baya inda 'yan kallo ke zama, da akwatin ƙarfen a tsakanin ƙafafuna, don ɗansa tilo ya ce mini, "Kawu, ka riƙe kawai, ban san abin da zan yi da su ba." Ukun farko an yi ta yabonsu, har da masu share hawaye. Da aka zo kansa aka kira cikakken sunansa da shekarar da aka rantsar da shi. Alƙali ya tambaya ko akwai lauyan da zai yi magana a kansa. Aka kalli juna. Babu wanda ya san shi. Ni da na san shi ba lauya ba ne, ba ni da bakin magana a wurin.

Alƙalin ya duba takardar gabansa ya ce marigayin yana cikin rajista har ranar da ya rasu, kuma a shekarun aiki ya girme shi alƙalin kansa. Sai ya miƙe. Zauren gaba ɗaya ya miƙe, manya da yara, baƙaƙen riguna har bakin ƙofa, suka sunkuyar da kai. Mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana buɗe wa mutane ƙofar mota, ranar aka tashi tsaye saboda shi.

Bai mutu ya bar gida ba, bai bar ofis ba, kabarinsa ma na kasa nunawa. Akwatin ya biyo ni Riyad, yana ƙarƙashin gadona. Duk Juma'a nakan shanya rigar in taje hular, maƙwabcina ɗan Sudan yana yi mini dariya yana tambaya ko lauya nake so in zama da tsufana. Allah ya haskaka kabarin da ni na ɓatar amma Shi bai ɓatar ba, ya jiƙan Barista Isiyaku.