Bargon da Inna ta ɗinka mini

Jikata ta tarar da ni ina shafa sabon bargon da ta sayo mini, ta ce me nake nema a ciki. Na ce mata Inna na tuna.

Zamanin Nasara aka ɗauke ni daga Matankari zuwa lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ana tsakiyar ɗari, ba ni da abin rufa. Inna ta shimfiɗa tsohon zanenta, ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta baza a kai. Audugar ta ƙare kafin rabi. Sai ga maƙwabta, kowace da 'yar wadda ta ajiye don kaɗi. Ta rufe da wani zanen, ta bi shi da ɗinki layi-layi.

Na ce, "Inna, ɗinkin bai yi yawa ba?"

Ta ce, "In ban kama audugar ba, gefe guda za ta taru ta bar ka cikin sanyi. Can kuwa ba ni kusa balle in gyara maka."

Mu uku, ni da abokaina biyu, muka riƙa kwana cikinsa har na gama lakwal, bai taɓa dunƙulewa ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu mata. Ku fa, me taku ta haɗa muku ranar da kuka fara barin gida?