Ranar da Ɗanmalam ya zama likita

Ɗanmalam ɗan Chikaji ne. Walda aka sa shi koyo, amma Allah bai yi shi da haƙurin ƙarfe ba. Tun yana saurayi ya liƙe wa ɗalibai masu wasan kwaikwayo a Samaru, yana ɗaukar musu benci, har wata rana aka rasa wanda zai fito a mai taurin kai, aka ce ya gwada. Shi ke nan ya samu sana'a.

Duk wasan wayar da kai da za a fita da shi, shi ne mai gardama. Shi ne manomin da ya ƙi sabon iri, shi ne maigidan da ya kori masu rigakafi da taɓarya, shi ne ya shinge lambu da gidan sauro. A ƙarshe gona ta lalace ko yaro ya kwanta, ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu, likita ya zo ya yi masa nasiha. Da harkar fim ta zo ma ba a canza masa hula ba. A duk Zazzau babu wanda ya kai shi yin nadama a gaban kyamara.

Abin ya daɗe yana ci masa rai. Ga furfura, ga surukai, amma a kasuwar Sabon Gari “Baba Ban Yarda Ba” ake kiransa. Matarsa Rahamatu kuma ba ta raga masa.

“Malam, ko sau ɗaya ba za su bar ka ka yi hankali ba?”

Ya wanke ƙafa ya sami Sebastian, mai shirya musu wasan. “Oga, na tsufa ina jahilci a ƙarƙashinka. Ka ba ni likita sau ɗaya, jikokina su gani.”

Sebastian ya ji tausayinsa, ya ba shi. Aka sa wasan a wani fili a Unguwar Gabas. Ɗanmalam ya sa aka zuba wa farar riga sitaci, ya aro tabarau, ya jera surukai da jikoki a bencin gaba. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya gyara murya, ya fara bayanin amfanin rigakafi.

Can wani dattijo ya miƙe, ransa a ɓace.

“Haba Ɗanmalam, har da kai? Kai da kake faɗa musu gaskiya a madadinmu? Nawa suka ba ka?”

“An saye shi!” in ji wasu daga baya, wuri ya kaure.

Zufa ta karyo wa Ɗanmalam, tana jiƙa sitaci. Ashe duk tafin da ya sha a shekarun nan na goyon baya ne. Gardamar suke ɗauka su tafi gida da ita, nadamar su bar masa.

Sebastian na gefe, ya ji komai da kunnensa. Tun daga ranar bai sake kiran Ɗanmalam ba, ba likitan, ba jahilin.