Yaya Sule da Injin Surukinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina riƙe da kofin shayi da safen nan waya ta yi ƙara. Hajiya Laraba ce, matar Yaya Sule, daga unguwar Mount Hope a New York. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Bakano, yayanka ya tafi."

Yaya Sule Mai Wuta ya rasu. Shayin yana nan kan tebur, ya huce.

Kafin in ba ku labarinsa, bari in fara yaba mana. Mu dai a fagen gyara babu na biyunmu. Abu ya ƙi motsi, a zuba masa man keke. Rediyo ta yi shiru, a kai mata mari. Fis ya ƙone, a naɗe shi da takardar sigari mai ƙyallin nan, wuta ta dawo, a yi hamdala. Injiniyoyin duniya su zo su ɗauki darasi.

To, wannan ilimin namu ne ya kusa hana Yaya Sule aure.

Na shigo New York a farkon shekarun saba'in da sunan karatu, amma jinin Kasuwar Kurmi bai bar ni ba, kafin a ce kwabo na baje huluna a bakin titi a Harlem. Nan Yaya Sule ya tsince ni ina rawar ɗari. Mutumin Zangon Kumasi ne, ma'aikacin lantarki a jirgin ruwa, ya sauka shan iska, jirgi ya tafi ya bar shi, ko kuma shi ya bar jirgi, ya danganta da ranar da ka tambaye shi.

Shi ya ba ni kwat ɗina na farko. Hannun ya wuce yatsuna. Ya ce, "Sa abinka, za ka girma a ciki."

Duk Lahadi tukunyar wake da shinkafarsa ba ta tambayar sunan mutum.

Kada ku ɗauka salihi ne mai sunkuyar da kai. Cika baki kam, ya fi ni. "Ni da wuta mun san juna," in ji shi. "Ta cije ni, na rama."

Sana'arsa gyaran injin finbol. Yaran yanzu ba ku san shi ba: akwati ne mai ƙafa huɗu, gilashi a sama, ka jefa kwabo, ƙwallon ƙarfe ya fito, kana dukansa da fikafikai biyu, fitilu na walƙiya, ƙararrawa na kaɗawa. A lokacin hukumar gari ta ce caca ce, ’yan sanda na farfasa su da guduma. Sai masu shaguna suka riƙa ɓoye su a ɗakunan baya, Yaya Sule na zagayawa da jakarsa kamar wanzami da zabira.

A haka ya hango Loretta, ’yar Tsoho Walta mai shagon alewa da jarida. Mu muka raɗa mata Laraba.

Ni aka tura neman aure, saboda baki. Na shimfiɗa wa tsohon nan zance, na kai Yaya Sule har jikan sarkin Zango. Tsohon ya bari na gama tsaf, sannan ya ɗauki makulli ya ce mu biyo shi ɗakin ƙasa. Ya yaye wani tamfol.

Tsohon finbol ne, ƙura ta binne shi. Ya ce na marigayiya matarsa ne, ita ke sonsa. Tun kafin ta rasu ya lalace, da an kunna sai fis ya ƙone. Masu gyara sun zo, kowa ya sa sabon fis, ya ƙone, ya ce a yar a sayi wani. Ga shi an ɗage dokar, yana so ya ji ƙararsa a shago kafin shi ma ya bi ta.

Ya dubi Yaya Sule. "Saurayi, ’yata taurin kan uwarta ta ɗauko. Wanda bai iya haƙuri da wannan ba, ba zai iya da ita ba. Ranar da ya yi ƙara, ranar za mu yi maganar aure."

Na raɗa masa, "Yaya, mu nemo mai kama da shi mu musanya kayan ciki. Wa zai gane?"

"Bakano, nan ba Kurmi ba ne."

Sai muka ce ai noman gonar suruki ne, a kira gayya. Ranar Asabar muka hallara, ni da shi da Garba tela, Badamagare, mutumin da ya yi imani babu cutar da man keke ba ya warkarwa. Yaya Sule ya ƙwace kwalbar tun daga bakin ƙofa. "Mai da ƙura in sun haɗu, danƙo ne. Nan ba a zuba komai."

Ya ɗaga saman injin. Wayoyi kamar taliyar da aka zubar, duk naɗe da zare, ga ƙananan harsunan ƙarfe jere suna jiran su taɓa juna. Yana bi ɗaya bayan ɗaya da ’yar fitilar gwaji, yana goge bakinsu da tsinken kati, yana cire wani sashe ya kunna ya gani, ya mayar ya cire wani. Aikin ba sauri. Garba sai hamma yake.

Da la'asar Yaya Sule ya hau sama wai shan ruwa. Ruwan kuwa a hannun Laraba yake, don haka ƙishirwar ta daɗe. Ni ina wajen tsoho ina yaba masa alewa.

Sai muka ji ƙararrawa daga ƙasa, ƙilin-ƙilin, da ihun Garba: "Walà! An gama! Ku kawo amarya!"

Tsoho ya miƙe, fuskarsa ta haskaka. Kafin ya kai matakala, ƙauri ya riga shi hawowa.

Hayaƙi ya cika ɗakin. Garba ya naɗe fis da takardar sigari. Tsoho ya fizge wayar daga bango, ya tsaya yana kallon abin matarsa yana tururi. Bai ɗaga murya ba. "Ku fita."

A bakin titi Garba yana ta rantsuwa. "Wallahi a Damagaram haka muke yi shekara da shekaru!"

Na ce, "Shi ya sa har yau da fitilar ƙwai kuke neman juna."

"Rufe baki, Bakano, ku da kuke sayar da fis ɗin da ya riga ya ƙone!"

Yaya Sule bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya karɓi fis ɗin yana juya shi. "Garba, wannan ɗan aike ne. Ya zo ya faɗa maka akwai ɓarna a cikin gida, har ya mutu a kan maganar. Kai kuma ka toshe masa baki."

Washegari ya koma shi kaɗai. Bai ambaci sunan Garba ba, ya ce gayyarsa ce, laifinsa ne. Amma ya ce hayaƙin ya nuna masa gidan cutar, don naɗin waya ɗaya ne ya ƙone, wanda ke kusa da ramin jefa kwabo. Tsoho ya ƙi ko kallonsa. Laraba ce ta ɗauko makulli daga ƙusa ta ajiye a gabansu. "Dadi, ni dai ba inji ba ce. Amma ka bar shi ya ƙarasa."

Tsoho ya ce to, banda telan.

Ni an bar ni, in riƙe tocila. Yaya Sule ya sake naɗin da ya ƙone, ya bi wayarsa da yatsa har bayan ramin kwabo. Ya zura ɗan hantsaki. Ya zaro wani siririn abu mai tsatsa da ya kwanta a kan harsuna biyu ya haɗe su.

Fil ne, irin na kama gashin mata.

Tsoho ya karɓa. Ya zauna kan akwakun lemo. Sai dariya, har hawaye na bin gemunsa. "Matar nan! Da wannan take tsokanar ramin ta yi wasa kyauta. Na sha kama ta, tana rantse mini ba ta taɓa ba!"

Aka sa fis na gaskiya. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa ta kaɗa, babu ƙauri. Tsoho ya buga ƙwallon farko, ya wuce ta tsakiyar fikafikai ko taɓa shi bai yi ba. Ya goge ido ya ce, "Ɗana, kira mutanenka."

Garba ne ya ɗinka rigar ango. A wurin biki an hana shi matsawa kusa da makunnin fitila.

Ganina na ƙarshe da Yaya Sule bayan Sallar da ta wuce ne. Injin na falonsu, fil ɗin na rataye da zare a gefensa. Tsufa ya kama shi, amma sai da ya sa na riƙe masa tocila yana duba cikin injin. Na ce masa ciwon kai ya dame ni, kullum sai na haɗiyi ƙwaya. Ya ɗago ya harare ni.

"Takardar sigari ke nan, Bakano. Je ka asibiti su bi waya."

Na je. Sun bi, sun samu, sun ce da na ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ga ni yau ni ke rubuta nasa.

Hajiya ta ce jiya da rana ma sai da ya kunna injin, ya ci ta wasa, ya yi mata gori.

Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haskaka ɗakunan mutane. Allah Ya ba Hajiya Laraba da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Tsoho Garba da ke Zinder, wanda tun da na kira shi yake kuka.

Mai bin waya dai ya tafi. Mu da muka rage, in fis ya ƙone gobe, wa ke da haƙurin nemo dalili, wa kuma ya riga ya tanadi kwalin sigari?