Tsohon Babur Da Ranar Canjin Hannu

Bakaniken da ke gyaran babura a bakin kasuwar Gaya shi ne ya fara cewa abin ba zai yiwu ba. Ya ce inji ba ya komawa yaro, wanda ya tsufa sai dai a lallaɓa shi har ya tsaya da kansa. Akawun ofishinmu ya ce ko Turawan da suka ƙera shi sun haƙura da irinsa, in ba haka ba me ya sa suka bar mana shi suka tafi. Har limamin unguwarmu, wanda ban taɓa ganinsa a kan abin hawan da ya wuce keke ba, sai da ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce, “Malam, an ce za ka yi tsere da tsohon nan naka. Ka rufa wa kanka asiri.” Maganarsu duka ɗaya ce: babur ɗan Ingila da ya yi shekara da shekaru yana cin rairayi ba zai taɓa riga sabon ɗan Japan zuwa Ajingi ba.

A lokacin ni malamin gona ne. Na yi elementare, na yi midil, na yi makarantar aikin gona, inda aka koya mana kwance injin ban ruwa mu mayar da shi ba tare da ragowar noti ko ɗaya ba. Babur ɗin na same shi ne daga hannun wani Bature da zai koma gida, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Baƙi ne, mai nauyi, mai silinda ɗaya, in yana tafiya sautinsa kamar ana daka a babban turmi. Da shi na zaga ƙauyukan Gaya da Ajingi da Toranke ina duba gonakin gyaɗa, kuma manoma kan gane zuwana tun kafin su hango ni.

Mai ɗan Japan ɗin wani ɗan kasuwar gyaɗa ne a Ajingi, Babarbare, wanda kakanninsa suka zo daga gabas tun da daɗewa. Ni kuma asalina Bafulatani ne, ko da yake Fillancin da nake ji bai wuce gaisuwa ba. Kowa ya san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani: wasa ne na gado, kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, babu fushi, babu kai ƙara. Ranar da ya sayo jan babur ɗinsa, a gaban jama'a ya tsaya kusa da nawa a Gaya, ya dube shi sama da ƙasa.

“Bawana,” in ji shi, “har yanzu wannan turmin kake hawa? Kawo in sa a ɗaura masa garma, ko ba komai ya yi mini huɗa.”

Na ce, “Ka riƙe gwangwaninka da kyau, Babarbare, iska ta fara kaɗawa.”

“Gwangwanin zai je Ajingi ya sha fura ya yi ƙailula, turminka bai fita Gaya ba.”

Aka yi dariya, kuma kafin a tashi daga wurin an yanke magana. Ba caca muka yi ba, ina so a fahimci wannan, babu abin da kowa ya ajiye. Sharaɗin dai shi ne, wanda aka riga isa gindin tsamiyar bakin kasuwar Ajingi, ranar da kasuwa ta ci zai tura babur ɗinsa da hannu, inji a kashe, ya ratsa ta daga wannan baki zuwa wancan, ɗayan yana biye yana danna masa hon. Ga mutumin da ke tara manoma yana koya musu aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muka sa ranar wata Lahadi a cikin bazara, tun da babu ofis.

A zauren gidana na yi aikin, ƙofa a rufe. Na kwance kan injin na wanke shi da kananzir. Na ciro gilashin taga na shimfiɗa a ƙasa, domin shi kaɗai ne abin da na tabbata ba shi da tudu ko kwari, na ɗora samfefa a kai, na riƙa goga kan injin ina juya shi, kaɗan kaɗan, har ya rage kauri. Hikimar ita ce, in ɗakin da fetur ke ƙonewa ya ƙara matsewa, bugun da zai yi wa fistin zai ƙara ƙarfi. Na goge bawul-bawul har suka zauna daram. Na ɗan buɗe ramin da mai ke bi a kafireta, na ciro abin da ke toshe cikin salansa don hayaƙi ya fita ba shamaki. Daga nan na sauke duk abin da ba ya tafiya da kansa: akwatin kayan gyara, kariyar ɗaukar kaya, har murfin sarƙa. Bakaniken kasuwa da ya leƙo wata rana ya ga kan inji a kan gilashi, sai ya kama baki ya ce, “Malam, ka kashe shi ke nan.”

Ranar da na mayar da komai na buga kik, sai ƙarfen ya dawo ya doke ni a ƙwauri, har na zauna a ƙasa. A bugu na biyu ya tashi. Wallahi ban san wannan muryar ba. Turmin ya tafi, abin da ya rage ya fi kama da tsawa a cikin ɗaki. Kajin gidan suka haura katanga, jakin maƙwabcina ya tsinke igiya. Uwargida ta fito da ludayi a hannu ta ce, “Malam, wannan kuma mene ne ka saka mana a gida?” Na kashe shi nan take. Ban kai shi hanya na gwada ba, don kada labari ya riga ni zuwa Ajingi. Saboda haka har ranar tsere ni kaina ban san iyakar abin da na ƙera ba.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa kafin in ci gaba. A wannan shekarar ne gwamnati ta ce za a daina tuƙi a hannun hagu a koma hannun dama. Rediyo ya yi ta sanarwa, kuma mu ma'aikatan da ke yawon ƙauyuka aka ce mu riƙa faɗa wa jama'a duk inda muka sauka. Na faɗa a Toranke, na faɗa a Ajingi, na faɗa a gindin kowace inuwa da na tara manoma. Sai da rana ta matso na lura cewa Lahadin da muka sa ita ce Lahadin canjin. Ban ga dalilin ɗagawa ba. Na san dokar, kuma na ɗauka duk wanda ke riƙe da sitiyari ya san ta.

Da hantsi muka jeru a bakin gari, jama'a sun cika gefen hanya. Wani dattijo ya ɗaga hula ya sauke. Ɗan Japan ya fita kamar an harba shi, ni kuwa tayar bayana ta tsaya tana tonon rairayi, mutane suna ihu. Da ta kama ƙasa na sa giya ta biyu, na sa ta uku, sannan na murɗa totur har ƙarshe.

Na shekara da yawa a kan wannan babur, na san halinsa kamar na san halin doki. Abin da ya ɗauke ni a ranar ba shi ba ne. Ya fizge ni har na zame baya a kan kujera, hulata ta tafi, iska ta cika mini riga tana neman ɗaga ni. Itatuwan gawo da na saba ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya suka haɗe suka zama abu guda. Na ji bakina yana salati ban sa shi ba. Jan babur ɗin da ya yi mini nisa ya riƙa girma a gabana, na ga bayan Babarbare, na ga kunnensa, na ga ya waiwayo ya buɗe baki, sai kuma na daina ganinsa. Na wuce shi. Mun bar 'yan kallon Gaya a baya, ba mu kai na Ajingi ba, ba kowa a wurin sai gonaki da aka share ana jiran ruwa.

Ban daɗe da wucewa ba na sha wata kwana, sai ga babbar mota shaƙe da buhunan gyaɗa ta fito daga Ajingi. Hanyar burji ce mai faɗin mota ɗaya da ɗan ragi, kowa a tsakiya yake tafiya, sai an haɗu a kauce. Na kauce dama, kamar yadda doka ta ce tun safiyar ranar. Direban kuwa ya kauce hagunsa, kamar yadda ya saba tun yana yaron mota. Hagunsa ita ce damata. Na ƙara matsawa dama, shi ma ya ƙara matsowa. Na ga hancin motar ya cika duniya. Na taka birki, babur ɗin bai ko kula ni ba, sai na jefa shi cikin gona. Tayar gaba ta daki kututture, na tashi sama, na sauka a kan kafaɗa a cikin tarin karan da aka tara za a ƙone.

Ina kwance na ji ƙarar ɗan Japan. Babarbare ya iso kwanar, ya ga mota, ya kauce hagu irin na da, ya sami hanya fayau ya wuce lafiya. Can gaba ya tsaya, ya juyo da gudu.

Direban ya diro yana salati. “Sannu, ranka ya daɗe! Me ya kai ka hannuna?”

Na ce masa, ina numfashi da ƙyar, “Yau aka koma dama. Ba ka ji ba?”

“Na ji mana. Ai wannan dokar ta kwalta ce, ranka ya daɗe. Mu a tasha haka aka ce, in ka hau kwalta ka koma dama. Nan kuwa burji ne.”

Na dube shi, na ga har zuciyarsa yake faɗa. Wannan ya fi faɗuwar girgiza ni. Ashe duk yawon da na yi ina shela, mutane sun karɓi maganar sun ajiye ta a bakin kwalta.

Babarbare ya durƙusa ya taɓa kafaɗata, na yi ƙara. Fuskarsa ta canza, babu wasa a cikinta. Ya ce, “Ƙashin wuya ne. Tashi, Malam, akwai maɗori a Ajingi.” Ban taɓa jin ya kira ni Malam ba sai ranar. Shi da direban suka ɗora ni a bayan jan babur, ya warware rawaninsa ya ɗaure ni a jikinsa don kada in faɗo. Babur ɗina kuwa ƙafar gaba ta lanƙwashe, aka jingine shi a gona.

Haka muka shiga Ajingi. Jama'ar da ke gindin tsamiya suka hango jan babur shi kaɗai, suka ɗauki sowa, sannan suka ga malamin gona a goye kamar jariri. Da ya ga taro, sai Babarbarancinsa ya dawo. Ya ɗaga murya ya ce, “Ku shaida, ni na fara isowa! Ga bawana nan a bayana, inda ya dace da shi!”

Da na warke ya aiko mini cewa ya yafe turin kasuwa, tun da bawa mai karaya ba a sa shi aiki. Na mayar da ɗan aiken da cewa ba a yafe wa mutum abin da ba a ci shi ba. Amma labari ya riga ya zauna. Bakanike ya ce ai ya faɗa, tsohon inji ba ya komawa yaro. Akawu ya ce ruɗewa na yi na bar hannuna na shiga gaban mota. Da shekaru suka tura, aka manta ma da cewa ranar canji ce, aka riƙa ba da labarin malamin gonar da bai san hagu da dama ba. Direban ba ɗan yankinmu ba ne, ban sake ganinsa ba.

Mun tsufa tare da Babarbare, muna zagin juna a wurin suna da wurin jana'iza. A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi, aka bar mu mu biyu a ɗaki. Ya kama hannuna ya ce, “Bawana, ka san ranar nan? Na rantse ka wuce ni kamar a tsaye nake. Har yau in na tuna ƙarar nan gabana faɗuwa yake.”

Na ce, “To, bari in kira 'ya'yanka ka maimaita.”

Ya yi dariya har tari ya kama shi. “Ni? In ba Bafulatani gaskiya a gaban mutane? Da wane ido zan dubi kakannina?”

Allah ya jiƙansa, ya tafi da shaidarsa. Ban riƙe shi da komai ba, wasan haka ya gada, kuma shi ne ya goye ni. Sai dai yanzu babu wanda ya rage da ya ga tsohon babur ɗan Ingila ya wuce sabon ɗan Japan a hanyar Ajingi, in ban da ni. Ba ni da mai shaida a kan gudun. A kan hannun da na bi kuwa ina da shi, domin ranar ba ɓoyayya ba ce, duk wanda ya bincika zai sami abin da gwamnati ta ce a yi a cikinta. Saboda haka ina so a rubuta, kuma a rubuta daidai: da hannuna na gyara injin, ina gaba lokacin da na faɗi, kuma a hannun dama nake, ranar Lahadi, biyu ga watan Afrilu, shekarar 1972.