Kaset ɗin Baba a Kan Gadar Umdurman

Rikodar da motar Yaya ta zo da ita daga kamfani ba ta da wani aibu sai rashin hayaniya. Shi kuwa Yaya, babban wanmu, hayaniyar yake so. Ya zaga kasuwar Umdurman yana tambayar wacce ta fi daɗin sauti, bai sami mai gaya masa gaskiya ba. Kowane mai shago sai ya murɗe tasa har ƙarshe, gilashi na rawa, ya ce, "Ka ji ko?" To, wannan ai ko kurma ya ji. Ƙarshe dai ya ciro ta kamfanin ya jefa a but, aka ɗaura masa wata mai fitilu kamar gidan biki.

Ni kaset ɗin Baba ne ya dame ni. Daga Madina ya aiko mana da shi ta hannun wani alhaji, yadda mutanenmu ke yi tunda Hausarmu a baki take, ba ma rubuta ta, kuma Baba bai dawo daga wannan tafiya ba. Guda ɗaya ne tak. Rikodar gida ta daɗe da mutuwa, don haka sai a mota Inna ke saurarensa, ran Juma'a in za mu Jabal Awliya wajen ƙanwarta.

Muna barin unguwarmu Umbadda, Inna ta kwance kaset ɗin daga bakin mayafinta.

"Inna, kar ki ba shi," na ce, ina nuna sabuwar rikodar. "Ba a san halin wannan musajjal ɗin ba."

"Ke, halas, ya isa!" in ji Yaya. "Yau za ta ji Baba kamar yana zaune a nan."

Sallamar Baba ta fito da kauri, har ƙofa tana gurnani. Inna ta ce ba muryarsa ba ce. Muna tsakiyar gada, motoci sun cushe, sai muryar ta fara jan ƙafa, ta narke, ta ɗauke. Abin da ya rage sai ƙiris-ƙiris daga cikin rikodar.

Yaya ya kai yatsa zai danna. Na buge hannunsa, abin da ban taɓa yi ba.

"Kashe motar!"

"A kan kubri? Kin haukace?"

Ya kashe. Ana ta danna mana hon, wani mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, yana zagi. Na zare ƙarfen kitsona na shiga zaƙulo zaren kaset ɗin a hankali, gumi na shiga mini ido. Zaren ya fito a cukurkuɗe, kusan kamu guda ya tattaune. Dole a gida na yanke wurin, na liƙe da jan farce, na naɗe da biro.

Kafin wata Juma'ar Yaya ya mayar da ta kamfanin, ba tare da an ce masa komai ba. Muryar Baba ta dawo siririya, yadda muka san ta. Ya gaida mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ke kuma uwargida," sai ƙit, ya tsallaka zuwa zancen farashin dabino.

Ban iya kallon Inna ba. Sai na ji ta ce, "Tsayar da shi." Yaya ya tsayar. Ta gyara zama, ta faɗi abin da ya ɓace da bakinta, yadda Baba ke jan magana: "Ki riƙa shan maganinki, ki daina wanki a rana, ina nan tafe." Sannan ta ce wa Yaya ya ci gaba.