Sunan da ba a karanta shi yadda aka rubuta

Ƙanena yana aikin jinya a ƙasar Ailan. Da matarsa ta haifi mace bayan doguwar naƙuda, ya ce zai laƙaba wa jaririyar sunan ungozomar da ta tsaya a kanta, ban da sunan yanka. A garinmu Kusada za a yanka rago, don haka na hau acaɓa daga Kankia, inda nake koyarwa, da sunan rubuce a wayata: Niamh.

Kawunmu, malamin Islamiyya, shi zai raɗa suna. Ya ce, "Ke ce 'yar boko, karanta mana."

Na gyara murya na ce, "Niyamhu."

Inna, mahaifiyarmu, ta ajiye ludayi. "Wannan suna ne ko atishawa?"

Muka kira ƙanena. Ya yi ta dariya, ya ce ai "Niv" ake faɗi.

Na ce, "To ina sauran baƙaƙen suka tafi?"

"Yaya, haka yarensu yake. Ba Turanci ba ne. Suna da harshensu na kakanni da ya kusa ɓacewa, shi ya sa suke riƙe da irin sunayen nan. Wannan ma tsoho ne ƙwarai, har a tatsuniyoyinsu akwai shi."

Kawu ya karɓe wayar, ya kai ta bakinsa kamar lasifika. "Ni ma'ana nake tambaya. Kada in sa wa jikata sunan gunki."

"Haske yake nufi, Kawu. Ƙyalli."

Kawu ya ce, "To ai Nuriyya ke nan! Ka ratsa teku ka ɗauko mana abin da ke cikin gida?" Duk da haka ya yarda. Ranar suna ya faɗi sunan yanka da ƙarfi, na biyun kuma ya haɗiye rabinsa. Mata a cikin gida suka ji "Ni'ima", suka yi guɗa, kowa ya ce suna ya yi daɗi.

Yarinyar tana shekara biyar aka kawo ta gida. Duk wanda ya ce Ni'ima sai ta tsaya ta gyara masa. Ta zaunar da Inna a tabarma tana koya mata: a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a hura.

Inna ta wangale baki ta nuna mata dasashi. "'Yar nan, da wane haƙorin?"

Yarinyar ta leƙa sosai, ta yi nazari. Ta ce to, kaka kaɗai ta yafe wa.