Tayoyin Babur ɗin Baba

Mahaifina ya sayi babur ɗinsa ne a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, bayan ya ajiye aikin malamin gona. Duk tsawon aikinsa a kan keke ya yi shi. Wannan kuwa nasa ne na kansa, ja, ko ledar kujerarsa bai yarda an cire ba. Ya ce da shi zai zaga ƙauyukan da ya yi aiki, ya gaisa da mutane ba tare da ya je musu da maganar taki ko feshi ba.

Bai kai ko'ina ba. Ya leƙa Sandamu, ya je Zango wata jana'iza, sai idonsa ya fara hazo. Aka yi ta zuwa asibiti, aka yi ta ɗiga magani, har ganin ya tafi gaba ɗaya. Aka jingine babur ɗin a soro, aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma.

Ni ne auta. Yayyena maza suna Kano da Legas, matan kuma kowace tana ɗakin mijinta. Da mahaifiyarmu ta rasu sai na nemi a dawo da ni koyarwa cikin garin Daura, na tare a ɗakin da ke kusa da soro. Lokacin ban yi aure ba. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka ya koma mu biyu. Matar maƙwabcinmu ke aiko mana da tuwo da yamma, mu ci a kwano ɗaya, in ba shi labarin makaranta, ya ce "to," shi ke nan. Masu zuwa gaishe shi suka yi ta raguwa, wasu mutuwa ta ɗauke, wasu ƙafa ta hana.

Ranar Juma'a da safe yakan sa in yaye tabarmar. Ya goge babur ɗin da tsumma yana laluben sa, ni kuma in tayar da shi ya saurari ƙarar injin na ɗan lokaci, sannan in kashe. Yayyena sun sha cewa a sayar, ya ƙi. Haka muka yi shekaru.

Wata kaka sai wani mai fataucin dabbobi ya biyo da saƙo cewa aminin Baba na garin Babban Mutum ba shi da lafiya. Wannan mutum dillalin shanu ne, shi ya ba Baba masauki lokacin da aka fara tura shi can yana saurayi, bai san kowa ba. Ko a hirar Baba ta yau da kullum, in ka ji ya yi dariya, to labarinsa yake bayarwa.

"Auta, za ka kai ni," in ji shi.

Na ce, "To Baba, sai mu je tasha mu shiga mota."

"Da babur a soro zan je a cusa ni cikin mota kamar buhun gyaɗa?"

Na ce ina shakkar tayoyin, sun daɗe a tsaye. Sai ya tsuguna ya bi su da tafin hannu. "Taɓa nan ka ji. Haƙoransu na nan daram. Ko gashin nan na sabuwar taya bai gama kakkaɓewa ba."

Gaskiyarsa ne. Amma da na fito da babur ɗin cikin rana sai na ga abin da hannunsa ba zai ji ba. Gefen tayoyin ya yi tsatstsage siri-siri, kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Na danna farce, robar ta ƙi lotsawa, ta yi tauri kamar ƙirgi.

Na kai shi wurin mai faci a bakin kasuwa. Akwai 'yan acaɓa biyu zaune a benci suna jiran aikinsu. Ɗaya ya zagaya babur ɗin ya ce, "Malam, wannan taya ai sabuwa ce fil. In cire ta za ka yi, ni ka ba ni. Dubi tawa, ta suɗe kamar tafin hannu, kuma kullum ina kan hanya."

Mai facin ya ƙara wa tayoyin iska, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ni dai ba zan rantse maka ba. Na ga irinsu sun yi tafiya lafiya lau, na kuma ga wadda ta fashe ranar farko da ta ji zafin kwalta. Roba ko an hau ta ko ba a hau ta ba, tana tsufa. In cikin gari ne a hankali, wataƙila. Amma da dattijo a baya, hanya mai nisa..." Ya girgiza kai bai ƙarasa ba.

Na bar wurin ba tare da na tsai da magana ba. Ban so in koma in ce wa Baba abin da ya yi shekaru yana gogewa ya lalace a tsaye. Sai na ce bari in gwada ni kaɗai. Na kama hanyar Sandamu da hantsi, tafiya lafiya, har na fara jin kunyar tsorona. A hanyar dawowa wata akuya ta faɗo titi. Ba gudu nake yi ba. Na taka burki, sai tayar baya ta zame kamar a kan santsi, babur ɗin ya kwanta da ni.

Gwiwar hannuna ta ɗaye, wandona ya yage. Na ja babur ɗin gefe na zauna a gindin wata bedi. Ba kowa a hanyar, mutane duk suna gona. Na zauna ina kallon jinin, ina tunanin da Baba na baya, ta ina zan fara. Ban san wanda zan aika a kira ba.

Da na shiga gida ban ce komai ba, amma ya ji warin maganin da aka shafa mini a kemis.

"Ka faɗi."

"Na faɗi, Baba. Tayar ce ba ta kama ƙasa."

Ya miƙo hannu ya laluba har ya taɓa bandejin, ya riƙe hannuna. "Abin da bai yi tafiya ba, me ya cinye shi?"

Na ce, "Zama."

Ya saki hannuna. Can ya ce a canja su duka biyun. Na gaya masa wani ɗan acaɓa yana son tsofaffin. Ya ce kul, kada in ba wanda zai ɗauki 'ya'yan mutane a kansu, in kai wa masu yanka takalmi.

Da hannuna ya warke muka tafi. Ya dafa kafaɗuna da hannu biyu, yana ta tambaya. An yanke gero a nan? Gyaɗar ta yi kyau? Yana kiran sunayen ƙauyuka tun kafin mu isa, yana gaya mini gonar wane ce a dama. Wani wurin da ya ce akwai kuka babba, gidan mai na gani. Na ce masa ai an sare ta, ya ce, "Ashe."

Mun tarar da aminin nasa a kan tabarma a tsakar gida, ya rame ƙwarai. Babban ɗansa ya yi mana sannu da zuwa, ya raɗa mini cewa jikin da sauƙi, amma tunanin ne ya tafi. Na zaunar da Baba kusa da shi. Baba ya lalubo hannunsa ya gaishe shi da irin wasan da suke yi a da.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Wane ne?"

Ɗan ya sunkuya ya ce, "Baba, malamin gona ne. Daga Daura ya zo."

Tsohon ya ce, "Malamin gona ai an yi masa canjin wurin aiki tuntuni."

Baba ya ƙara matsowa kusa da shi. Sannan ya ce, "E, an yi masa canji. Shi ya aiko ni in duba ka."

Fuskar tsohon ta washe. "Allah sarki. Yana lafiya? Ka ce ina gaishe shi. Yaron kirki ne, sai dai bai iya shan fura ba, sai ya ɓata rigarsa."

Baba ya yi dariya har da hawaye. Aka kawo fura suka sha, suka zauna hannu cikin hannu har aka kira la'asar, tsohon yana ba shi labarin malamin gona, shi kuma yana cewa, "Haka aka yi?"

A hanyar dawowa bai tambaye ni komai ba. Mun iso gida ana shirin magariba, na zuba masa ruwa a buta, na kama hannunsa zuwa masallacin unguwa. Bayan watanni kaɗan aka aiko cewa aminin nasa ya rasu. Na ce ya shirya in kai shi gaisuwa, ya ce in je ni kaɗai, shi ya riga ya yi tasa.